Fentin sajewa da dusar ƙanƙara a jikin ƙananan mutum-mutumin yaƙi: ina neman shawara

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar fentin ƙananan mutum-mutumi na wasan yaƙi da ake bugawa a kan tebur. Wani ɗan uwana da ya dawo daga karatu a waje ya kawo mini akwatin BattleTech, wasan nan da kamfanin FASA ya fara fitarwa a Amurka a 1984, wanda a yanzu Catalyst Game Labs ne yake buga shi, kuma mukan taru da abokai a ƙarshen mako mu shimfiɗa taswirarsa mai gidaje masu kusurwa shida mu fafata. Mutum-mutumin, waɗanda suke wakiltar manyan injunan yaƙi masu tafiya da ƙafa da matuƙi a cikinsu, na roba ne, sun zo a harhaɗe, launinsu toka-toka, kuma tsayin mafi yawansu bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba.

Na ware guda huɗu, wato rukuni ɗaya cikakke a tsarin wasan, ina so in yi musu fenti irin na rundunar da take yaƙi a wurin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, kamar Tharkad, duniyar nan mai tsananin sanyi da take hedikwatar daular Lyran a labarin wasan. Na fara da guda ɗaya domin gwaji. Na shafa masa farin akirilik kai tsaye a kan robar, da na ga bai rufe ba na yi ta maimaitawa har ya yi fari fat, sannan na ɗiɗɗiga masa baƙi da ruwan toka nan da can. Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, domin jikinsa ya yi gari-gari, sawun buroshi yana nan kwance a kai, siraran layukan da suke raba faifan sulkensa sun cike da fenti, kuma idan aka ajiye shi a tsakiyar tebur ba a iya bambance hannu da bindiga, balle a gane inda ya fuskanta.

Don haka ina roƙon a bayyana mini yadda ake samun farin da yake da tsabta amma bai kashe siffar mutum-mutumin ba, da kuma irin zanen dabbare-dabbaren da ya dace da abu ƙarami haka. Ina kuma so in ji ko yanayin hunturun da muke ciki yana da hannu a lamarin, saboda fentin yakan bushe a bakin buroshi tun kafin in kai shi inda nake so. Ba ni da na'urar fesa fenti, da buroshi kawai nake aiki, kuma fentin da nake da shi 'yan kwalabe ne na Vallejo da aka haɗo mini da akwatin, sai kuma na masu zane da na saya a kasuwar Sabon Gari. Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da shigowa. Abin da ya same ka halin farin fenti ne, kuma duk wanda ya fara da fari tsantsa sai ya gamu da shi. Farin akirilik da garin sinadarin titaniyam ake yin sa, idan aka bar shi da kauri sai ya dunƙule ya bushe da kaushi, idan kuma aka tsinka shi da ruwa sai ya kasa rufe launin da yake ƙarƙashinsa, mutum ya yi ta ƙarawa har layukan jikin su toshe. Amma babbar matsalar ba ta nan take ba. Abin da yake fito da siffar ƙaramin abu ga idon mai kallo shi ne bambancin haske da inuwa, kuma idan ka fara da fari fat, ka riga ka ƙure haske, ba ka da wani launi da ya fi shi da za ka fito da gefuna da kusurwoyi. Idan ka ƙura wa hotunan aikin ƙwararru ido, za ka tarar cewa mafi yawan abin da kake ɗauka fari ne ruwan toka ne mai haske, farin gaskiya kuwa ɗan kaɗan ne a saman kafaɗu da bakin faifai.

Ga yadda nake yi. Da farko ina wanke mutum-mutumin da ruwa mai ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, domin a kan samu maiƙon masana'anta a jikin roba wanda yake hana fenti kamawa. Idan ya bushe sai in yi masa fentin share fage mai launin toka mai haske, ba baƙi ba, domin tayar da fari daga baƙi aiki ne da zai ci maka shafi da yawa ba tare da wata riba ba. Daga nan sai in shafe jikin duka da toka mai haske wadda ta ɗan karkata zuwa shuɗi. A cikin kayan Vallejo akwai wadda ake kira Ghost Grey, a na Citadel kuma akwai Celestra Grey da Ulthuan Grey, amma ba dole ba ne sai su, domin idan ka zuba fari mai yawa ka taɓa masa baƙi da shuɗi da kan tsinke, ka samu abin da ake bukata. Shuɗin yana da dalili. Inuwar da take kan dusar ƙanƙara daga sararin sama take samun haskenta, shi ya sa take fitowa shuɗi-shuɗi, kuma ɗan shuɗin nan yana sa fari ya ƙara fitowa a ido, kamar yadda masu wanki suke sa wa farar shadda bula. Shafi biyu ko uku masu tsinki sun fi ɗaya mai kauri, da sharaɗin kowane ya bushe sarai kafin a ɗora na gaba, kuma kada a koma da buroshi kan wurin da ya fara bushewa, nan ne sawu yake fitowa.

Bayan haka sai inuwa. Mutane da yawa sukan ɗauki tsinkakken baƙin fenti irin Nuln Oil su yi wa mutum-mutumin wanka da shi gaba ɗaya. A kan kore ko ruwan ƙasa hakan yana tafiya, amma a kan fari datti kawai yake zama, sai ka dawo kana sake fentin kowane faifai. Abin da ya fi shi ne ka tsinka toka mai duhu, ka ɗauki buroshi mai tsinin baki, ka taɓa shi a cikin layin kawai, ruwan zai bi layin da kansa. Aikin yana da cin lokaci, musamman ga manya irin Atlas mai tan 100 da jikinsa ya cika da faifai, amma a nan ne rabin kyan yake. Idan layukan sun bushe, sai ka ƙara fari a cikin tokarka ka shafa a tsakiyar faifan da suke fuskantar sama, daga ƙarshe kuma ka ɗauki fari tsantsa ka bi gefuna da cikin buroshi, ba da tsininsa ba.

Game da dabbare-dabbare, lissafi kaɗan zai taimaka maka. Waɗannan mutum-mutumi an yi su ne a kan ma'aunin da bai yi nisa da 1 bisa 285 ba, ma'ana mita ɗaya ta gaske tana daidai da milimita uku da rabi a jikinsu. Injin da aka ce tsayinsa mita 12 ne, a hannunka milimita 42 ne ke nan. To, sojan da zai yi wa abu mai tsayin bene hawa uku ko huɗu fenti, ba zai tsaya ɗiga masa ƙananan tabo irin na kakin soja ba, faffaɗan yanki zai shafa mai faɗin mita biyu ko uku, wanda a wurinka milimita 7 zuwa 10 ne. Ƙananan ɗigon da ka yi su ne suka haɗu suka zama hayaniya a ido. Ka yi manyan yankuna kaɗan, uku ko huɗu a gangar jiki, ɗaya ko biyu a kowace ƙafa da hannu, kuma ka bar su su tsallaka kusurwa su zagaya zuwa baya, kada su tsaya a bakin faifai, domin amfanin zanen sajewa shi ne ya karya siffar abu. Launi uku sun isa: farin da ya rinjayi jikin da kimanin kashi biyu cikin uku, toka matsakaiciya, da ɗan toka mai duhu sosai ko kore mai duhu a gefen matsakaiciyar. Ni na fi son yankuna masu kusurwa da miƙaƙƙun layuka, irin waɗanda ake gani a kakin sojan Suwidin, saboda suna tafiya da jikin inji. Ka fara zana iyakar da fensir a hankali, ka bi ta da siririn buroshi, sannan ka cike cikin.

Sai dai ka riƙe cewa burinka da na sojan gaske sun saɓa. Shi so yake kada a gan shi, kai kuwa so kake abokin wasanka da yake tsaye nesa da tebur ya gane wane inji ne wannan kuma ina ya dosa, tunda a BattleTech gefen da aka harbo ka ta shi yana da hukuncinsa. Saboda haka ka bar bindigogi da gaɓoɓi da launin baƙin ƙarfe, ka yi wa gilashin ɗakin matuƙi ruwan lemo ko ja, ka kuma sa ɗan ratsi mai launi a kafaɗa ɗaya a matsayin alamar rukuni.

Mai Fentin Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Alhaji ya gama magana a kan launi, ba ni da abin da zan ƙara. Ni sana'ata fentin mota ce, ƙananan nan kuma nishaɗi ne da nake yi tare da yarana, don haka bari in amsa ɓangaren yanayi, wanda shi ne muke fama da shi kullum a gareji.

Ɗan uwa, hunturu yana da hannu dumu-dumu a abin da ka gani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, akirilik kuwa ta hanyar ƙafewar ruwa yake bushewa, kuma mafi yawan masu koyar da wannan aiki a intanet suna zaune ne a ƙasashen da iskarsu take da laima, shi ya sa abin da suke yi cikin natsuwa kai yake zame maka tsere. Maganin farko shi ne ka daina zuba fenti a kan busasshen faranti. Ka samu robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa soso siriri ko tishu ninki huɗu, ka jiƙa shi sosai ba tare da ruwa ya kwanta ba, ka ɗora takardar da masu gasa kek suke shimfiɗawa a tire, sannan ka zuba fentinka a kanta. Danshin zai riƙa ratsowa ta ƙasa, fentin ya daɗe bai bushe ba. Idan har yanzu yana yi maka sauri, gilisarin ɗin nan da ake sayarwa a kemis saboda kaushin fata yana rage saurin bushewa, amma ɗigo ɗaya tak za ka sa a cikin ƙaramin kofin ruwan da kake tsinka fenti da shi, ba a cikin fentin kai tsaye ba, domin idan ya yi yawa jikin zai yi ta danƙo ya ƙi kamewa. Ka kuma kashe fanka, ka rufe taga.

Na biyu ƙura ce, kuma fari ba ya ɓoye ta. Duk lokacin da ka gama shafi, ka kifa wa mutum-mutumin kofi ko roba mai tsabta har ya bushe, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka zauna aiki, kada kuma ka yi shara a lokacin.

Idan za ka yi share fage da gwangwanin fesawa, a nan ne ya kamata ka fi kiyayewa. A busasshiyar iska fentin yakan bushe a hanya kafin ya isa jikin abu, ya sauka a matsayin gari, jikin ya yi kaushi irin wanda babu abin da zai gyara shi sai wankewa. Ka fesa da sassafe ko bayan la'asar a inuwa, ka jijjiga gwangwanin minti biyu cikakku, idan safiyar ta yi sanyi ka tsoma shi a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kuma ka matso da shi kamar tazarar santimita 15 zuwa 20, kana wucewa da sauri ba ka tsayawa wuri ɗaya. Gwangwanayen da muke sayarwa nan kasuwa domin fentin ƙarfe da katako aka yi su, wasunsu sinadarinsu ba ya jituwa da roba mai laushi, sai su bar ta tana danƙo har abada, saboda haka ka fara gwadawa a ƙarƙashin gindin da mutum-mutumin yake tsaye a kai, ka bar shi ya kwana. Kada ka shanya su a rana don su yi saurin bushewa, bindigogin za su lanƙwashe.

Shi kuma wanda ka riga ka yi wa fenti bai lalace ba. Ka jiƙa shi a cikin sipirit na ɗan lokaci, ko ka bar shi ya kwana a cikin Dettol tsantsa, sannan ka goge da buroshin haƙori. Idan Dettol ka yi amfani da shi, kada ka sa ruwa sai fentin ya gama fita, in ba haka ba zai zama ƙulli mai yauƙi. Tina irin tamu ta mota kuwa kada ta kusanci robar nan, narkar da ita take yi.

Maman Hanif ta rubuta:

Sallama ga kowa. Na karanta bayanin Baba da na Malam mai fenti, na kuma ƙaru da su, amma ina da ɗan saɓani da Baba a wuri biyu, ina fatan za a yi mini uzuri. Na yi karatu a Rasha, na ga yadda motoci da manyan injuna suke kasancewa idan dusar ƙanƙara ta daɗe a ƙasa, kuma abin da na lura shi ne babu abin da yake zama da tsabta. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na hasken da ya sauka a kanta, don haka duk wani farin fenti da aka ajiye kusa da ita sai ya zama kamar ya dafe. Ƙasan motoci kuma kullum cikin baƙin taɓo yake, saboda taya tana haƙo ƙasar da take ƙarƙashi ta cakuɗa ta da ruwan da ya narke. Shuɗin da Baba ya ambata gaskiya ne a ranar da gari ya yi garau, amma mafi yawan kwanakin sanyi sama a rufe take, komai toka-toka ne. Na ga ayyuka da dama da aka cika musu shuɗi har suka koma kamar an sassaƙa su da ƙanƙara, ba injin ƙarfe da aka shafa wa fenti ba. Ni shawarata a taƙaita shuɗin a cikin layuka da ƙarƙashin hammata, daga gwiwa zuwa ƙasa kuma a shigo da ruwan ƙasa mai duhu.

Wuri na biyu shi ne zanen kansa. Zane mai kusurwa da tsari yana nufin rundunar da aka shirya ta tun daga masana'anta domin yaƙin sanyi. Amma a tarihi abin da ya fi yawa shi ne sanyi ya riski sojoji da kayansu masu duhu, su yi dabara da abin da yake hannu. A yaƙin da aka yi tsakanin Finlan da Tarayyar Sobiyet daga Nuwamba 1939 zuwa Maris 1940, fararen riguna da sojojin Finlan suka ɗora a kan kakinsu sun taimaka musu ƙwarai a cikin dazuzzuka. Da sojojin Jamus suka isa kusa da Mosko a ƙarshen 1941, tankokinsu masu launin toka mai duhu sun zama abin hange daga nesa, farin fentin da ake iya wankewa kuma bai wadata ba, sai suka koma shafa farar ƙasa da alli, wasu da tsintsiya, wasu da tsumma. A Disamba 1944 ma, a yankin Ardennes na Beljiyam, sojojin Amurka har zannuwan gado suka karɓa daga mutanen ƙauyuka suka lulluɓa. Irin wannan shafe ba ya daɗewa, yana gogewa a inda ake takawa da inda ake kamawa, ruwa yana zubo da shi layi-layi, launin asali ya riƙa leƙowa ta ko'ina. A ganina wannan ya fi ba da labari a kan tebur, kuma ya fi yafe wa sabon hannu, domin rashin daidaito shi ne kyansa.

Masu haɗa ƙananan tankoki suna da hanyar da suke fito da wannan. Sukan gama fentin asali, kore ko toka mai duhu, su rufe shi da banish, su fesa feshin gashi irin na shagon gyaran kai shafi biyu marasa kauri, sannan su fesa fari mai tsinki a kai. Da zarar farin ya sha iska, sai su jiƙa wuri da ruwa su riƙa gogawa da buroshi mai tauri ko tsinken sakace. Ruwan yana narkar da feshin gashin da yake ƙarƙashi, farin ya riƙa ɓarewa kamar yadda yake yi a jikin tankar gaske.

Wani abu kuma da ya keɓanta da wasan naka, ƙanena, shi ne zafi. Duk wanda ya buga BattleTech ya san cewa rabin dabarar wasan lissafin zafin inji ne, harbi da gudu da tsalle duk suna ƙara shi. Injin da yake fitar da zafi haka, farar ƙasa ba za ta zauna lafiya a kusa da bakin bindigarsa ko tagogin fitar da zafi ba, dusa kuma ba za ta taru a wurin ba. Ka bar waɗannan wurare da duhu, ka ɗan goga musu baƙi da ruwan ƙasa da busasshen buroshi, ka kuma ja siraran layuka daga gare su zuwa ƙasa, alamar ruwan da ya narke ya gangaro.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, da Yaya. Na jiƙa na gwajin a sipirit kamar yadda aka ce, fentin ya fita, layukan sun dawo. Robar abinci da takardar kek ma ta yi aiki fiye da yadda na zata. Zuciyata ta fi karkata ga shafen farar ƙasa da Yaya ta bayyana, amma tunda ba ni da na'urar fesawa, shin zan iya ɗora farin a kan feshin gashin da buroshi? Sannan ban ji an taɓo maganar gindin da suke tsaye a kai ba. Na ga wasu suna cewa ana yin dusar da garin girki, ban sani ba ko fulawa ake nufi ko gishiri, kuma ina tsoron kada in yi abin da zai jawo tururuwa cikin akwatin.

Baban Sadiya ya rubuta:

Hajiya ta yi gaskiya a kan taɓo da kuma wuraren zafi, na karɓa. A kan shuɗi dai ina nan a kan bakana, domin ba a ƙarƙashin sararin Rasha muke wasa ba, a ɗaki muke yi, sau da yawa da ƙwan lantarki mai ja-ja, wanda yake mayar da toka zalla ta koma kamar ta tsufa. Amma na yarda cewa kaɗan ake so.

Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Feshin gashi ruwa ne yake narkar da shi, fentinka kuma da ruwa ka tsinka shi, don haka da buroshi ya taɓa wurin sai su cakuɗe su zama kunu. Ga kuma batun girma: a tankar da aka yi a ma'aunin 1 bisa 35 ɓarewar tana fitowa daidai, amma a jikin abu mai santimita 4 takan yi girma fiye da kima. Ka juya aikin kawai. Ka yi fentin asali kore mai duhu, ka tsinka toka mai haske ka shafa a tsakiyar kowane faifai kana jan buroshi daga sama zuwa ƙasa, kana barin koren yana leƙowa a gefuna da cikin layuka, sannan ka maimaita da wadda ta fi ta fari a wuri mafi ƙanƙanta. A nan sawun buroshi ba aibi ba ne, muddin duk ƙasa yake kallo. Daga ƙarshe ka yagi ɗan guntun soso, ka riƙe shi da hantsaki, ka taɓa koren, ka goge kusan duka a takarda, ka ɗan dangwala a gwiwoyi da tafin ƙafa da gefen kafaɗu. Wani amfanin wannan hanya shi ne koren da ya rage a cikin layuka ya ɗauke maka aikin inuwa. Babu laifi ma ka yi uku da shafen farar ƙasa, jagoran rukunin kuma ka yi masa zane mai kusurwa, a gane shi daga nesa.

Batun gindi, kada ka sa fulawa ko sukari ko gishiri; biyun farko abincin ƙwari ne, gishiri kuwa yana jan laima da damina. Abin da ake nufi shi ne bekin soda, ba hodar tashin kek ba, wadda take da sitaci a ciki. Ana kwaɓa ta da farin gam na kafintoci irin Top Bond da ɗan farin fenti har ta yi kauri, a ɗora da tsinke. Farin fentin yana da muhimmanci, domin haɗin soda da gam kaɗai yakan yi rawaya idan ya daɗe. Wanda yake da hali yana iya yin odar wadda aka riga aka haɗa, irin Valhallan Blizzard ta Citadel. Kafin dusar, ka manna yashi mai laushi sosai wanda aka tankaɗe, ka yi masa fenti ruwan ƙasa mai duhu, sannan ka rufe kamar rabinsa kawai da dusar, tudu-tudu, kana barin ƙasa a fili a bayan ƙafafu inda injin ya tako. Farin mutum-mutumi a kan farin gindi ɓacewa yake yi, duhun ƙasar nan shi ne yake ɗaga shi. Ka shafa 'yar dusa a saman yatsun ƙafa, ka yi wa gefen gindin baƙi, ka kuma ja farin layi a gefen da yake gaba domin kada a yi gardamar fuska a tsakiyar wasa.

Mai Fentin Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Ƙari ɗaya a kan maganar Alhaji, game da jerin aiki. Ka shafa banish mara sheƙi kafin ka ɗora dusar, ba bayanta ba, saboda banish yana danne ƙyallinta, wani ma yana sa ta rawaya. Ka nemi na akirilik wanda ake tsinkawa da ruwa, ka guji na kafintoci da ake shafa wa ƙofa da kujera, shi launin zuma yake bari kuma a kan fari nan take ake ganinsa. Tunda hannu zai riƙa ɗaukar su a kowane wasa, shafi biyu marasa kauri za ka yi, da tazarar yini ɗaya a tsakani. Idan aikin ya kai ka har damina, kada ka fesa banish na gwangwani a ranar da hadari ya haɗu ko aka kwana ana ruwa, musamman a watan Agusta, domin laima takan shiga cikinsa ya bushe da hazo-hazo. A irin wannan rana na buroshi ya fi aminci. Gilashin ɗakin matuƙi kuma sai bayan komai ya bushe za ka ɗiga masa banish mai sheƙi, ɗigo ɗaya da tsinin buroshi. Idan ka gama na farko ka ɗauko mana hotonsa a inuwa da hasken rana, a kan takarda mai launin toka, domin kyamarar waya takan ƙone fari idan bayan hoton baƙi ne.